Bijimin Kaduna: Gwiwa Ta Zaunar Da Shi, Baki Ya Tashe Shi

Sana'ar ƙwallon ƙafa sana'a ce mai gajeren kwana. Maƙeri yakan tsufa a bakin maƙerarsa, malamin makaranta yakan yi furfura da alli a hannu, amma ɗan ƙwallo, in ya taki sa'a, shekara 15 kurum zai yi yana gudu a fili. In kuwa sa'a ta kuɓuce, jijiya guda ta tsinke a gwiwa, to kasuwa ta watse masa tun bai cika shekara 30 ba. Daniel Owefin Amokachi yana cikin kashi na biyu. Samarin da ke jin muryarsa a talabijin yana warware yadda wasa ke tafiya, da yawansu ba a haife su ba lokacin da ya daina wasa, saboda haka ba su san cewa mai maganar nan ya taɓa zama abin tsoro ga 'yan bayan Bulgeriya da Girka da Ajantina ba. Ba su kuma san cewa ba don ra'in kansa ya koma zaune ba.

An haifi Amokachi a Kaduna ran 30 ga watan Disamba na 1972. Iyayensa mutanen Binuwai ne, amma shi ɗan Kaduna ne gaba da baya, a nan ya tashi, Hausa kuwa a bakinsa take kamar ta kowane ɗan gari. Kaduna ta wancan zamani gari ne na masaƙu da barikin soja da ma'aikatan jirgin ƙasa, kamfanoni suna riƙe da ƙungiyoyin ƙwallo, yara kuma suna buga tamaula a kowane fegi da ba a gina ba. Daga nan Rashidi Yekini ya fito, ya fara wasa a ƙungiyar masaƙar UNTL. Daga nan Tijjani Babangida da Garba Lawal da 'ya'yan gidan Babayaro, Celestine da Emmanuel, suka fito. Duk wanda ya duba jerin 'yan wasan da suka ciwo wa Nijeriya zinariya a 1996 zai ga cewa garin nan guda ya ba da mutum biyar.

Ƙungiyar da ta fito da shi ita ce Ranchers Bees ta Alhaji Muktar Aruwa. Ƙungiya ce da ta yi tashe a ƙarshen shekarun 1980: ta kai wasan ƙarshe na kofin masu kofuna na Afirka a 1988, inda Bizerte ta Tunisiya ta rinjaye ta, sa'an nan a 1989 ta ɗauki kofin ƙungiyoyin Afirka ta Yamma. A cikin wannan ƙungiya ne Clemens Westerhof, Baturen Holan da aka ɗauko don ya horar da 'yan wasan ƙasa, ya hangi yaro mai faɗin ƙirji wanda in ya tasam ma raga sai dai a kauce. Ya tafi da shi Aljeriya gasar kofin Afirka ta 1990 yana ɗan shekara 17. Masu masauki suka lallasa Nijeriya da ci 5 da 1 a wasan buɗe gasa, aka sake haɗuwa a wasan ƙarshe suka kuma yin nasara da ci ɗaya mai ban haushi. Kofi bai zo ba, amma idon Turawa ya riga ya faɗa kan yaron.

TURAI

A shekarar ce ya koma Club Brugge ta ƙasar Beljiyam. Ya ɗauki kofin lig na ƙasar tare da su a 1992, kuma sau biyu, a 1992 da 1994, aka ba shi kyautar takalmin da ake bai wa gwarzon 'yan wasan Afirka a Beljiyam. Akwai wani abin tarihi da ya kamata a riƙe: sa'ad da hukumar ƙwallon Turai ta sauya wa gasar zakarunta suna, ƙwallo na farko da ya shiga raga a zagayen rukuni na sabuwar gasar, ran 25 ga Nuwamba na 1992, ɗan Kaduna ne ya jefa shi, a ragar CSKA ta Mosko. Watau gasar nan da ake raba dare ana kallo a kowane lungu na ƙasar nan, da ƙafar ɗan Nijeriya aka buɗe ta.

Shekarar 1994 ita ce ganiyarsa. Nijeriya ta ɗauki kofin Afirka a Tunis bayan ta doke Zambiya da ci 2 da 1, daga nan aka zarce Amurka gasar cin kofin duniya, karon farko a tarihin ƙasar. A Dallas aka ci Bulgeriya 3 da nema: Yekini ya buɗe, Amokachi ya kewaye mai tsaron gida ya ƙara na biyu, Emmanuel Amunike ya rufe. A wasan Girka kuwa, ana dab da tashi, ya ɗauko ƙwallo daga nesa, ya ratsa 'yan baya, ya sheƙa shi can saman kusurwar raga. Masu tunawa da wasan Italiya, wanda Roberto Baggio ya fitar da Nijeriya da ƙwallaye biyu, sukan manta cewa tun kafin hutun rabin lokaci aka fitar da Amokachi saboda rauni. Da fitarsa 'yan bayan Italiya suka sami sararin numfashi, domin shi ne mai hana su sakat.

A nan ya kamata a tsaya a dubi irin wasansa, don shi ne tushen abin da ya biyo baya. Laƙabinsa na Turanci ma'anarsa Bijimi, kuma ba a banza aka raɗa masa ba. Ba shi ne mafi yawan ci ba, wannan na Yekini ne. Ba shi ne mafi gwanintar yanka ba, wannan na Jay-Jay Okocha ne. Aikinsa shi ne ya sauko tsakiya ya karɓi ƙwallo, ya tokare mai tsaronsa da kafaɗa, ya ja mutum biyu su bi shi gefe, don wani ya sami hanya. Irin wannan wahala ba ta shiga cikin lissafin jarida. Mai kallo yakan bi ƙwallo da ido, ba ya ganin wanda ya yi gudun mita 40 ba tare da ya taɓa shi ba.

Bayan gasar, Everton ta Ingila ta saye shi a kan fam miliyan 3. Wanda ya kawo shi, Mike Walker, bai daɗe ba aka sallame shi, sabon mai horarwa Joe Royle kuwa ya fi son wasu, sai Amokachi ya zama ɗan benci. Ran 9 ga Afrilu na 1995, a filin Elland Road da ke Leeds, Everton na karawa da Tottenham a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA, tana gaba da ci 2 da 1, sai Paul Rideout ya ji ciwo aka fito da shi gefe ana duba shi. Royle bai ba da umurnin canji ba, yana jira ya ga ko Rideout zai iya komawa. Amokachi bai jira ba. Ya je ya shaida wa jami'in canji cewa shi ne zai shiga, ya faɗa fili, kafin mai horarwa ya farga aikin gama ya gama. Ya ci biyu, aka tashi 4 da 1. Da bai ci ba, da wataƙila ranar ce ƙarshen zamansa a Ingila; da yake ya ci, Royle da kansa ya riƙa ba da labarin cikin raha shekara da shekaru. A watan Mayu Everton ta doke Manchester United da ci ɗaya a Wembley ta ɗauki kofin, Amokachi ya shigo daga benci, a wannan karon da izini.

A 1996 ya koma Besiktas ta Istanbul a Turkiyya, kuma a damunar shekarar aka tafi wasannin Olamfik na Atlanta. Dokar gasar ta ce 'yan ƙasa da shekara 23 ne za su buga, sai mutum uku da aka yafe wa kowace ƙasa. Amokachi ya shiga cikin ukun nan tare da Uche Okechukwu da Amunike. Bayan an fitar da Burazil da ci 4 da 3 a wasan da Nwankwo Kanu ya yi abin a zo a gani, aka haɗu da Ajantina ran 3 ga Agusta. Ana saura kamar minti 15 Ajantina na gaba 2 da 1, Amokachi ya ɗaga ƙwallo ta saman mai tsaron gida ya farke, Amunike ya ci na uku ana shirin tashi. Wannan ita ce zinariya ta farko da wata ƙasar Afirka ta samu a ƙwallon Olamfik.

GWIWA

Daga nan sai gwiwa ta fara magana. Ya tafi Faransa gasar duniya ta 1998 da ciwo, wasa ɗaya tak ya buga, na Bulgeriya, ya koma kallo daga gefe har Denmak ta fitar da Nijeriya da ci 4 da 1. Aka yi masa aiki, amma ƙafa ba ta koma yadda take ba. Ya bar Besiktas a 1999. Ya nufi 1860 Munich ta Jamus, likitocinsu suka duba suka ce a'a. Ya gwada wasu wurare a Ingila da Faransa, ya kai har Colorado ta Amurka a 2002, ko'ina dai amsa ɗaya ce. Mutumin da aka saya fam miliyan 3 yana ɗan shekara 21 ya wayi gari yana yawon gwajin lafiya yana ɗan shekara 27.

Abin da ke samun 'yan wasa a irin wannan gaɓa ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin shiga ya tsaya cak, dangi da 'yan unguwa ba su daina zuwa ba, mutum kuma bai koyi wata sana'a ba tun yana yaro sai gudu da bugu. Yekini, wanda ya fi kowa ci wa Nijeriya ƙwallo a zamaninsa, ya ƙare kwanakinsa a keɓe a Ibadan, ya rasu a watan Mayu na 2012 yana da shekara 48. Wasu da ba su kai shi suna ba, sai an ji ana neman taimakon kuɗin asibiti sannan a tuna suna da rai.

Amokachi ya fara bin hanyar da galibinsu ke bi, watau horarwa. Ya riƙe Nasarawa United ta Lafiya, ya taɓa Enyimba ta Aba, ya yi mataimaki a ƙungiyar ƙasa a ƙarƙashin Austin Eguavoen da Shu'aibu Amodu, sa'an nan Stephen Keshi, wanda tare suka ɗauko kofin Afirka a Afirka ta Kudu a 2013 bayan sun doke Burkina Faso da ƙwallon Sunday Mba. A 2016 har ƙasar Finlan ya je, can garin Oulu mai tsananin sanyi, ya horar da wata ƙaramar ƙungiya mai suna JS Hercules. Gaskiyar magana, a matsayin babban mai horarwa bai bar wani tarihi da ya kai na ƙafarsa ba. Inda ya sami wurin zama na dindindin shi ne gaban makirfo: a tashar SuperSport, a gidan rediyon wasanni na Brila, da kuma gasannin kofin Afirka, inda yakan zauna kusa da mai kawo wasa yana ƙara bayani.

SANA'A TA BIYU

A da can, sharhin ƙwallo a ƙasar nan aikin ma'aikacin rediyo ne, ba na tsohon ɗan wasa ba. Marigayi Ernest Okonkwo na Rediyon Nijeriya, wanda ya rasu a 1990, shi ne ya laƙaba wa Segun Odegbami da Christian Chukwu sunayen da suka bi su har tsufa. Aikinsa shi ne ya zama idon wanda ba ya gani: ga wanda ke da ƙwallo, ga inda ya nufa. Da talabijin ya yawaita, wannan aiki ya ragu, domin mai kallo na ganin ƙwallon da kansa. Abin da yake buƙata yanzu shi ne a gaya masa dalili. Me ya sa ɗan bayan nan ya makara? Wa ya bar gurbinsa? Me mai horarwa ke nufi da wannan canji? Wanda bai taɓa tsayawa a fili zuciya na dukan uku-uku ba, da wuya ya amsa.

Amurkawa sun daɗe da gane wannan a wasansu da suke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake da hannu ake ɗaukar ƙwallon, mai siffar ƙwai. A cikin 'yan wasa 11 na ɓangaren da ke kai hari, akwai ƙatti biyar da ke jeruwa a gaba kamar katanga. A yau kowannensu yakan haura kilo 130. Ba su cin ƙwallo, doka ma ba ta yarda a jefo musu shi su cafe ba. Aikinsu kawai su tare abokan gaba don mai jifa ya sami daƙiƙa uku ko huɗu. Ba a ambaton sunansu sai sun yi kuskure. Abin mamaki, daga cikin waɗannan marasa suna aka sami wasu daga cikin mashahuran masu sharhi na ƙasar.

Dan Dierdorf ya yi wa ƙungiyar Cardinals ta St. Louis wannan aikin katanga daga 1971 zuwa 1983, har gwiwoyinsa suka gaza. Ya fara magana a rediyon garin, ya shiga CBS, daga 1987 ya yi shekara 12 a shirin wasan daren Litinin na tashar ABC, ya sake komawa CBS har 2013. Shekarun da ya yi yana magana sun ninka waɗanda ya yi yana wasa. John Madden kuwa ko wasa ɗaya bai buga a babbar gasa ba: Philadelphia ta ɗauke shi a 1958, gwiwarsa ta lalace a wurin atisaye. Zaman jinya ya sa ya duƙufa kallon fina-finan wasanni yana nazarin yadda ake shirya hari, ya zama mai horarwa, ya ɗauki babban kofin ƙasar da Oakland Raiders a Janairun 1977, sa'an nan daga 1979 zuwa 2009 ya zama muryar wasan a gidajen Amurkawa. Shi ne ya shahara da zane a kan hoton talabijin, yana kewaye ƙaton da ba wanda ya kula da shi yana nuna cewa ga inda aka ci wasan. Dalilin a fili yake. Wanda aikinsa ya kasance nesa da ƙwallo, dole ya san inda kowa yake tsaye. Tauraro kuwa sau da yawa kansa kaɗai ya sani.

A nan ne Amokachi ya yi kama da su. In yana sharhi, ya fi ƙarfi a wurin da ya sha wuya: yadda ɗan gaba ke kare ƙwallo da jiki, lokacin da ya kamata ya ruga da lokacin da zai dakata kada a kama shi da satar gida, da yadda ake gane ɗan wasan da ke ɓoye ciwo daga yanayin takunsa. Yana da raha, ba ya tauna magana, kuma ya zauna a benci a matsayin ɗan wasa da kuma mai horarwa, don haka ya san abin da ake faɗi a ɗakin sauya kaya lokacin hutu.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Mai sharhi alƙali ne ba tare da usur ba, kuma alƙali ba ya shari'ar ɗansa. Amokachi ya yi wa ƙungiyar ƙasa wasa, ya horar da ita, a 2020 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi jakadan ƙwallon ƙafa na Nijeriya, daga baya mai taimaka masa kan wasanni. Wanda ya ci abinci a gida ɗaya da mutane, ba kullum bakinsa ke sakewa ya faɗi laifinsu ba, in kuma ya faɗa sai a ce haushin kujera ne. In Nijeriya na wasa, mai sauraro ba ya buƙatar a gaya masa ɓangaren da zuciyar mai sharhin take. 'Yan ƙasa na jin daɗin haka, amma wasan da ake watsawa ga nahiya duka, akwai Bakamaru da Bagane a cikin masu ji. Wannan ba matsalarsa ce shi kaɗai ba, ta duk tsohon ɗan wasan da ya ɗauki makirfo ce, daga Ingila har Masar.

A LAMBATA

Masu cin moriyar wannan sana'a ba mazauna manyan birane ba ne kaɗai. A ɗauki Lambata, a ƙaramar hukumar Gurara ta Jihar Neja, kan hanyar Suleja zuwa Minna, inda hanyar Lapai da Agaie da Bida ta rabu. Gari ne na matafiya da direbobin manyan motoci da 'yan kasuwar doya, inda Bagwari da Banufe da Bafulatani da Bahaushe ke ciniki, kuma Hausa ce ke haɗa su. Kamar kowane gari irinsa, ranar babban wasa gidan kallo kan cika: rumfar kwano, bencina a jere, janareto na ruri a baya, allo a ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli.

Wanda ya san irin waɗannan wurare ya san cewa muryar talabijin ba ta cika kaiwa benci na uku ba. Ƙarar injin ta danne rabi, musu ya danne sauran, abin da ya tsira kuwa Turanci ne mai sauri. Sai kowane benci ya naɗa nasa mai sharhin, galibi wanda ya fi kowa ƙarfin murya. Ana fita hutun rabin lokaci, lokacin da masana ke zama su warware abin da ya faru, sai a watse sayen rake da ruwan leda. Ilmin da Amokachi ya saya da gwiwarsa yana fitowa daga akwatin, amma ba ya sauka inda aka fi buƙatarsa, a kunnen yaron da gobe da yamma zai tsaya ɗan gaba a filin makarantar firamare.

Ba wai Hausa ta gaza ba ce. Tana da mai tsaron gida da 'yan baya da satar gida da bugun kusurwa da bugun tazara, tana da bugun daga kai sai mai tsaron gida, wanda ya fi kalmar Turancin bayyana halin da ake ciki. Sashen Hausa na BBC ya gwada kawo wasannin gasar Firimiya ta Ingila kai tsaye a rediyo, jama'a kuwa suka karɓa, gidajen rediyon Kano da Kaduna ma suna da shirye-shiryen wasanni masu ɗimbin masu sauraro. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kujera ta biyu, ta wanda ya buga wasan. Masu gabatarwa 'yan jarida ne, suna da labari da ƙididdiga, amma ba su taɓa fuskantar 'yan bayan Italiya ba.

Mutanen kuwa suna nan da ransu. Tijjani Babangida ya buga wa Ajax ta Amsterdam, ya ci Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a Legas a 2000. Garba Lawal ya je gasar duniya sau biyu, a 1998 da 2002, kuma bugunsa ne mai tsaron gidan Sifen, Andoni Zubizarreta, ya tura cikin ragarsa a Nantes ranar da Nijeriya ta ci 3 da 2. Ahmed Musa, ɗan Jos da ya yi suna a Kano Pillars, ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Aisland biyu a 2018. Dukansu Hausa suke yi, kamar Amokachi, kuma in an ji su a gidajen rediyon Hausa, galibi hira ce ta 'yan mintoci a kan tsohon tarihi ko rikicin hukumar ƙwallo, ba zama na minti 90 ana bin wasa tare da su ba.